Babur Mai Mutuwa a Hanyar Aiki

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Yaya gareji? Yaya ciwon bayan nan naka? Ina fata ka daina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a kan siminti ba ko kwali. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Na rubuto ne saboda waya ba ta da amfani a wurinka. Kullum na kira, ƙarar guduma ce ke amsa mini, kai kuma ka ce za ka neme ni, shi ke nan an wuce wurin. Takarda kuwa ko a aljihu ka cusa ta, Anti za ta tsince ta ranar wanki ta sa ka karanta.

Maganar akwalar babur ɗin maigidana ce, wadda ke neman raba ni da aikina. Ka san na samu wuri a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti, amma har yanzu ba a tabbatar da ni ba, duba ni ake yi. Ni ce mai buɗe ɗakin da sassafe in ɗebi jinin masu ciwon suga, waɗanda ake ce wa su zo ba su sa komai a baki ba. Yawancinsu tsofaffi ne. Idan na makara, haka zan tarar da su jere a benci, yunwa ta sa hannuwansu rawa, kowa ya zuba wa ƙofa ido. Shugabar ɗakin kuma, wadda muke kira Uwar Agogo, ba ta faɗa ba ta zagi. Hannu kawai take ɗagawa ta dubi agogonta, sannan ta dube ka. Wallahi gara mari.

Gidan da muka koma yana can ƙarshen gari, motar haya ba ta leƙo mu sai rana ta ɗaga. Maigidan ya ce muddin yana numfashi matarsa ba za ta hau bayan wani ƙato ba, shi zai riƙa kai ni kafin ya buɗe shagon fentinsa. Na ji daɗi, har na yi wa abokan aikina fankama.

To ga abin da babur ɗin yake yi. A gida bugu ɗaya yake tashi, yana gurnani kamar abin kirki. Mu fita, mu wuce famfon unguwa, mu tsallake tudun da aka yi a titi don rage gudu, mu shiga wata doguwar hanya da ke bin katangar wani sito, inda babu gida babu shago babu mai wucewa. A nan yake tuna cewa shi mara lafiya ne. Sai ya yi tari, ya fizga, ya sake tari, ya mutu murus. Maigidan ya sauka ya yi ta buga kik har gumi ya jiƙa masa riga. Mu tura. Ni da farar rigar aiki da jaka, ina tura ƙarfe kamar jaki. Can idan ya ga dama, bayan bawan Allah ya tsuguna ya taɓa nan ya taɓa can, sai ya tashi garau kamar ba shi ba. Kuma ba kullum ba ne, Yaya. Yau lafiya, gobe lafiya, jibi tsiya.

An kai shi wurin bakaniken bakin kwalbatinmu, wani mai baki kamar rediyo da ake kira Sarkin Fulogi. Mutumin nan ko taya ce ta sace, fulogi zai canza maka. Ya canza, ya hau ya zaga unguwa yana murɗa totur don 'yan mata su gani, ya dawo ya ce ya gama da shi har abada. Har abadan nasa bai kai ƙarshen mako ba. Idan wannan bakanike ne, to ni ma matuƙiyar jirgin sama ce.

Don Allah ka rubuto mini abin da za a duba, dalla-dalla yadda zan gane. Tausayin maigidan nake ji, duk ya rame da turi. Ka gaishe da Anti da yara, ka ce wa Baba ina nan tafe idan na samu hutu.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana na kaina,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata kowa lafiya, ƙaramin ma ya warware daga murar da Anti ta ce yana yi. Amsarka ta iso da tambarin babban yatsanka na baƙin mai a kanta, ko ba ka sa hannu ba na san taka ce. Allah ya bar zumunci.

Na bi tambayoyinka ɗaya bayan ɗaya. Ka ce in lura ko ɗif yake ɗaukewa kamar an kashe fitila, ko kuwa sai ya yi tari da fizga. Tari yake yi, Yaya, ba ya taɓa mutuwa ba sallama. Ka ce idan haka ne ba wuta ba ce, mai ne ba ya isa. Na gaya wa maigidan, ya ce ai shi ma ya san haka. Ya sani, amma ya tsaya yana kallo Sarkin Fulogi ya cire kwayil ɗin wuta lafiyayye ya sa wani!

Ka ce a buɗe murfin tanki da zarar ya mutu a saurara, idan ya yi huci to ƙofar iskarsa ce ta toshe. Na buɗe da hannuna, na kara kunne har warin fetur ya hau mini kai. Shiru. Mai kuwa ga shi nan fal yana kallona. An wanke kafireta, inda mai ke taruwa kafin ya shiga inji, an hura tiyo, an duba matatar mai, komai tsaf.

Sai ɗan notin nan da ka ce yana ƙarƙashin kafireta, wanda idan an sassauta mai zai zubo in akwai shi a ciki. Na sayi ƙaramin sukudireba na jefa a jaka tare da safar hannuna ta aiki. Ranar da ya sake mutuwa na tsuguna zan sassauta, sai maigidan ya hau faɗa, wai me mutane za su ce su ga mace da sukudireba a bakin titi mijinta yana tsaye. Waɗanne mutane? Daga mu sai katanga sai wata akuya. Na yi kamar ban ji ba na murɗa. Ko ɗigo bai fito ba, a bushe yake ƙayau. Ke nan mai yana tanki, amma wani abu yana tare shi a hanya.

Da aka kai wa Sarkin Fulogi wannan bayani, ka san abin da ya ce? Wai nauyina ne. Wai idan na zauna ina danne wata waya a ƙarƙashin kujera. Ni da iska mai ƙarfi take tangaɗa ni! Ya faɗa yana dariya, 'yan zaman banzan da ke cika masa benci suna taya shi, maigidan ma har da murmushi. Na dubi bakaniken nan, haƙora kamar tsohuwar sarƙar babur, na kau da kai. Tir da sana'ar da baki ne kawai jarinta.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Babur ɗin nan bai taɓa mutuwa da shi kaɗai ba. Idan za mu gaishe da mahaifiyarsa, hanyar ta fi nisa, ga ramuka, ga ni a baya da nauyin nawa da ake magana, lafiya lau muke zuwa mu dawo. Da yamma idan ya ɗauko ni daga aiki, ta gefen katangar nan muke wucewa, ko atishawa ba ya yi. Sai da safe, sai hanyar asibiti. Shin sanyin safiya yana iya tare mai a tiyo? Ka taɓa ganin haka?

A wurin aiki kuwa abin ya kai inda ya kai. Ranar da na tsaya sassauta notin, wani dattijo mai ciwon suga ya jira ni har jiri ya kwashe shi daga benci, goshinsa ya bugi ƙafar tebur. Da na shigo ana ba shi ruwan sukari a cokali, ya ɗago ya ce mini sannu da zuwa 'yata. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka. Uwar Agogo ta kira ni, a karon farko ta buɗe baki. Ta ce hannuna yana da kyau, ban taɓa neman jijiya sau biyu ba, amma asibiti ba ya ajiye ma'aikacin da ba a san lokacin zuwansa ba. In na ƙara makara ko sau ɗaya kafin ƙarshen wata, kada in wahalar da kaina shigowa.

Na gaya wa maigidan. Ya yi tagumi, ya yi ajiyar zuciya, ya ce wataƙila Allah yana nuna mana aikin ba alheri ba ne, in kwantar da hankalina, ai bai gaza ciyar da ni ba. Na ce ba Allah ba ne, kafireta ce. Ka taimake ni, Yaya, ka san irin wahalar da na sha kafin in samu takardar shaidar karatun nan.

A gaishe da duk mutanen gida.

Taki... kai, ka ga hankalina ma ba ya jikina. Taka,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa, yau ba ni da bakin doguwa.

Na gano ciwon babur. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

A takardarka ka ce saura abu ɗaya, ɗan famfon mai da ke ƙarƙashin tanki ta hagu. Ka ce idan hannunsa ya dubi ƙasa a buɗe yake, idan ya gicciya a rufe, kuma wani lokaci idan ya tsufa girgiza tana iya juya shi. Ka ce in sa masa ido. Na sa, Allah ya saka maka. Sai dai ba girgiza ce ke juya shi ba.

Shekaranjiya na matsa muka fita tun gari bai gama wayewa ba, don ko ya mutu in samu sararin isa. Rana tana fitowa daidai lokacin da muka tsallake tudun titi, ta jefa inuwarmu a jikin katangar siton, ni da shi da babur, ɓaro-ɓaro. Ina kallon inuwar ne kawai don ba ni da abin kallo. Sai na ga hannunsa na hagu ya bar kan babur ya sauka wajen gwiwarsa, ya koma. Na sha ganin yana haka, na ɗauka susa yake yi. Muka ci gaba da tafiya lafiya lau, hannayensa biyu a sama inda kowa zai gan su. Can gaba sai tari, sai fizga, sai mutuwa.

Na sauka. Ya fara wasan nasa na buga kik, yana tsaki, yana kiran sunan Allah. Na zagaya ta hagu kamar zan gyara takalmi. Ya matso da ƙafarsa ya kare, amma na riga na gani. Hannun famfon a gicciye yake. Da ya gaji da wasan ya tsuguna, ya ba ni baya, ya taɓa fulogi don idona, ɗaya hannun kuma ya mayar da famfon ƙasa. Na isa asibiti Uwar Agogo tana sa makulli a ƙofar ɗakin za ta buɗe da kanta, da ƙyar na tsira.

Duk da haka ban yarda da idona ba, na ce kada in ɗauki alhakin mutum. Jiya ya tayar da babur a tsakar gida don ya yi zafi, ya shiga wanka. Na je na gicciya famfon da kaina na tsaya. Bai mutu nan take ba, Yaya. Ya ci gaba da kaɗawa da ɗan man da ya rage a kafireta, har na fara murna ina cewa na zalunce shi. Sai ga tarin nan. Shi ne dai, tarin da na haddace kamar karatu, da fizgar, da mutuwar. Na mayar da famfon na koma kicin. Ya fito da tawul a wuya yana zare ido, ya duba famfon kafin ya duba komai. Wanda bai san ciwon ba ai fulogi zai fara dubawa.

Ka ga wayon? Ya rufe tun a tudu, babur ya mutu can gaba hannunsa ba ya kusa, a wurin da ba zan samu abin hawa ba. Mutumin da ko ƙwan fitila ya mutu sai ya kira maƙwabci, ashe a nan yake da basira.

Kana wurin ranar da ya durƙusa gaban Baba ya rantse ba zai taɓa hana ni aiki ba. Kai ka ce a sa shi ya maimaita, ya maimaita. A cikin abokansa kuwa shi ne wayayye, shi ne mai cewa mace ba kujerar ɗaki ba ce. To tun da 'yan unguwa suka fara kawo mini takardun asibiti in duba musu, suna kirana Likita, shi kuma suna ce masa mijin Likita, na ga fuskarsa tana canzawa. Ba zai iya cewa in daina ba, don Baba zai ji, abokai za su ji. Shi ne ya ɗora wa ƙarfe laifi. Ya fi so a kore ni, in dawo gida ina kuka, shi kuma ya rarrashe ni ya zama mutumin kirki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gumin. Gumin nan da nake tausayi, har nake cire gefen mayafina ina ba shi ya share. Ya bar ni ina tura babur lafiyayye, ya bar ɗan bakin kwalbati yana yi wa jikina dariya, ya ji labarin dattijon da ya faɗi ya yi tagumin ƙarya. Kai, Allah wadai. Ban taɓa sanin ana iya raina mutum har a ji ƙyamar tarinsa ba.

Kada ka zo, kada ka kira shi, kuma don girman Allah kada Baba ya ji. Hawan jininsa ya ishe shi. Saura kwanaki kaɗan wata ya ƙare, kuma na san zai sake gwadawa, don lokaci yana ƙure masa. Ka bar ni da shi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, Anti da yara ma haka. Na ji ka kasa cin abinci da ka karanta takardata, har ka ɗauki makullin mota Anti ta ƙwace. Ka gode mata a madadina, ka kuma ci abincinka. Ga yadda aka ƙare.

Na yi tunanin in tsaya gabansa in faɗa masa. Amma na san shi, zai rantse, zai ce sharrin shaiɗan ne ko idona ne, ya yi fushi ya ce tunda haka ne ba zai ƙara kai ni ba, kuma ba zan hau na wani ba. Ka ga ya samu abin da yake so ta wata ƙofar. Don haka na yi shiru. Idan ya fita sallar magariba sai in hau kujerar baya a tsakar gida, in miƙa hannu ina gwada nisan famfon, har hannuna ya san wurin ba sai na duba ba.

Ya bari sai ranar ƙarshe ta wata. Da safen har da fara'a, har da tambayata ko na ɗauki katin aikina. Muka fita. Muka wuce famfon unguwa, muka hau tudun titi, hannun ya sauka ya yi susarsa ya koma. Ni kuma na matso na kwanta a bayansa kamar matar da ke son mijinta, na zura hannun hagu ta gefen cinyarsa, na kama famfon na mayar da shi ƙasa. Ban kuma ɗauke hannuna ba. Na bar shi a wurin, na riƙe gam.

Ya ji, Yaya. Bayansa ya sandare kamar katako, wuyansa ya jiƙe nan take, wannan karon gumin gaskiya. Ya rage gudu a gefen katangar, ya rage, ya rage, kamar mai jiran wani ya zo ya cece shi. Babur kuwa sai gurnani yake yi abinsa, ƙoshi ya ishe shi. Me zai ce? Ya tambaye ni me hannuna yake yi a famfo? Sai in tambaye shi wa ya rufe. Da yana da zuciya da ya taka birki ya juyo ya ce mini ba ya so, ƙarara. Wallahi na jira ya yi hakan, har addu'a na yi a raina ya yi. Bai yi ba. Ya ƙara giya ya kai ni har ƙofar asibiti, hannuna a famfo, yatsuna sun ƙage.

Na sauka, bai dube ni ba. Ya ce wa madubin babur a dawo lafiya. Na buɗe ɗakina tun benci bai cika ba, na ɗebi jinin kowa a kan lokaci. Uwar Agogo ta shigo ta ɗaga hannu don sabo, ta sauke ba ta duba ba. Kafin a tashi ta ce in je ofis a auna ni a ɗinka mini rigar ma'aikata. An tabbatar da ni, Yaya. Ka gaya wa Baba wannan, ita kaɗai.

Da yamma na dawo na ji shi a ƙofar gida yana ba maƙwabta labari, wai shi da kansa ya gano ciwon babur bayan bakanike ya gaza, wai datti ne a famfon mai. Suna ta yaba masa. Da na zo wucewa ɗayansu ya ce Likita ki gode wa mijinki. Na tsaya na ce masa sannu da ƙoƙari, a gabansu. Ya amsa, Yaya. Ya buɗe baki ya ce yauwa.

Tun ranar babur bai ƙara tari ba, maganar kuma ba ta taɓa haɗa mu ba. Ina dafa masa abinci, ina wanke masa kaya, ina gaishe shi da safe. Ka tambaye ni ko zan iya ci gaba da zama, ban sani ba tukuna, kada ka matsa mini. Da ya hana ni aiki da bakinsa, da na yi kuka na yi faɗa na kai ƙara, amma da har yanzu ina ganinsa namiji. Kullum da safe yana kai ni a kan lokaci, ba ya ko sosa gwiwa. Sai dai idan na hau bayansa, hannuna ya ƙi zuwa jikinsa. Ƙarfen kariyar bayan babur nake riƙewa har mu isa.

Ka gaishe da Anti da yara. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta